Kuɗin Fito: Wa Ke Karɓar Harajin Hanyar Birnin Gwari?

Tsakanin Kaduna da Birnin Gwari tafiyar kimanin kilomita 120 ce. Hanyar ta gwamnatin tarayya ce, kuma babu shingen hukuma ko guda a kanta da aka kafa don karɓar kuɗin wucewa. Idan aka bi abin da ke rubuce a takarda, kyauta ake bin ta. Sai dai duk direban da ya yi shekara goma yana ratsa Buruku da Udawa zuwa Birnin Gwari ya san wannan magana ba ta da makama. Ya biya a wurin bakanike, ya biya a shingayen da doka ba ta san da zamansu ba, ya biya da kwanan hanya da man zagaye, wasu kuma danginsu ne suka sayar da gona da shanu suka kai kuɗin cikin daji a madadinsu. Yanzu da ake ta muhawara a Nijeriya kan sake fasalin harajin motoci da dawo da kuɗin hanya, tarihin wannan daji yana da abin cewa. Kuɗin hanya tun asalinsa ciniki ne tsakanin mai wucewa da mai riƙe da hanya, kuma duk lokacin da hukuma ta saki nata ɓangaren cinikin, kuɗin bai fasa fita daga aljihun matafiyi ba, hannun da ke karɓa ne kawai ya sauya.

Hanyar ta girmi mota nesa ba kusa ba. Littafin Tarihin Kano ya ambata cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wajen tsakiyar ƙarni na 15, aka buɗe hanyoyi daga Borno zuwa Gwanja, inda Hausawa ke zuwa sayen goro a arewacin Gana ta yau. Ɗaya daga cikin hanyoyin da fatake suka riƙa bi ta taso daga Kano, ta biyo ta Zariya, ta ratsa Birnin Gwari, ta gangara zuwa Kwara a wajen Yawuri ko Busa, sannan ta keta ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, har Yandi da Salaga. Wani ɓangare nata ne Baturen nan Hugh Clapperton ya biyo a 1826, daga bakin teku zuwa Kano, ya yada zango a Birnin Gwari kafin ya isa Zariya. Tun yana Kayama ya gamu da ayarin Hausawa da ke dawowa daga Gwanja, mutum fiye da dubu, maza da mata, da dabbobin kaya masu yawan gaske. Zuwa da dawowa kan ci watanni da dama, wani lokaci har shekara ta zagayo.

Ayari irin wannan tamkar gari ne mai tafiya da ƙafafunsa. Madugu ne shugaba, jagaba na gaba yana duba hanya da zango, uban dawaki na tattara abin da ya hau kan kowane falke, malamin ayari kuwa na riƙe da lissafi da addu'a. Babban aikin madugu shi ne ciniki da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu. Kuɗin da ake ba su ana kiran sa garama, na tsallake kogi kuma kuɗin fito. Kalmar fito ta fi burge ni, domin a cikinta akwai alkawari: wanda ya karɓi kuɗinka ya ɗauki nauyin fid da kai zuwa ɗaya gaɓar, kai da kayanka. Sarkin da ya karɓi garama shi ma haka, ana sa ran ya ba ayari zango da ruwa da kasuwar sayen abinci, ya tsare shi daga mahara muddin yana cikin ƙasarsa. Kowa ya ci ladan kuturu, in ji Hausawa, sai ya yi masa aski.

Abubuwa biyu a tsarin fatake sun cancanci a riƙe su, domin za mu sake cin karo da su. Na farko, da kaya ake lissafin kuɗin. Mai kaya a ka da mai jaki da mai takarkari ba kuɗinsu ɗaya ba, kowa gwargwadon abin da ya ɗauko. Na biyu, madugu yana da makamin da ya fi takobi: sauya hanya. Sarkin da ya tsauwala, ko wanda aka yi wa ayari fashi a ƙasarsa ya yi shiru, badi sai ya ji labarin goro ya bi ta wani gari, kasuwarsa ta mutu, mata masu sayar da tuwo da fura a zango su rasa ciniki. Wannan tsoro ne ya riƙe cinikin. Ba ina cewa adalci ya game ko'ina ba. Akwai masu garin da garamarsu ba ta da maraba da ƙwace, kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Kitabul Farƙi ya lissafa ɗora wa 'yan kasuwa da matafiya haraji a cikin miyagun al'adun mulkin da ya soka. Duk da haka garama ta rayu bayan jihadi, musamman a ƙasashen gefe irin na Gwari da Kamuku da Bargu, saboda ayari ba shi da wata hanyar sayen aminci.

A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 amincin ya yi ƙaranci. Hare-haren neman bayi daga Kwantagora, a zamanin Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim, sun watsa garuruwa da dama a ƙasashen Gwari da Kamuku. Turawa suka ci Kwantagora a 1901, suka kafa hedikwatarsu a Zungeru a 1902, can kudu da wannan daji. Da Gwamna Lugga ya duba baitulmalinsa ya ga wayam, sai ya waiwayi fatake. A 1903 ya kafa harajin ayari: kashi 5 cikin ɗari na darajar kaya a kowane lardi da aka ratsa, har iyakar kashi 15. Hujjarsa ita ce gwamnati ta kawar da mahara, ta soke garamar sarakuna barkatai, don haka ita ta cancanci karɓa. Wato bai zo da sabuwar falsafa ba, tsohon cinikin ya gada ya sa masa rasit. Bambancin kawai shi ne madugu ya rasa makaminsa, tun da duk inda ya karkata a cikin Arewa mai karɓar ɗaya ne. Fatake suka shiga kewaye tashoshin karɓa ta cikin daji, 'yan kasuwar Turawa suka yi ta ƙorafin cewa harajin na daƙile cinikinsu, aka soke shi a 1907. Shekara huɗu kacal ya yi.

Abin da ya karya hanyar ƙafa shi ne jirgin ƙasa. Dogo ya isa Kano a 1911, ya bi ta Minna da Kaduna da Zariya, ya bar Birnin Gwari a gefe. Goro ya koma zuwa ta Ikko cikin taragu. Hanyoyin mota na farko kuwa, kuɗinsu bai fito daga masu mota ba, waɗanda a lokacin ana iya ƙirga su da yatsu. Talakawan ƙauyukan bakin hanya ne suka biya da guminsu, ta aikin tilas da ake ɗora wa hakimai da dagatai su fitar da mutane a sare daji, a cike kwari, a fasa dutse. Manomin da bai taɓa shiga mota ba shi ya share wa mota hanya. Daga baya titin da ya taso daga Jaba ta Makwa da Tegina zuwa Kaduna ya zama babbar jijiyar da ke haɗa Ikko da Arewa, kuma ya yi ƙarfin da har gari ya bi shi. Birnin Gwarin da Clapperton ya gani ita ce ake kira Tsohuwar Birnin Gwari a yau, tana can ta hanyar Funtuwa, sabon garin kuwa a bakin titin mota ya zauna. Garin da ya tashi ya koma bakin hanya ya ɗaura rayuwarsa da lafiyarta.

Da motoci suka yawaita, sai aka shigo da abin da har yau shi muke kira harajin mota, wato rajista da lasisin da ake sabuntawa duk shekara. Daga Ingila aka kwaso shi, kuma labarinsa a can ma abin dubawa ne. A 1909 Lloyd George ya yi wa masu motocin Ingila alkawarin cewa harajinsu a kan hanya za a kashe shi, dokar 1920 ta kafa asusun hanyoyi na musamman. Ba a yi shekara goma ba Winston Churchill, yana ministan kuɗi, ya fara ɗibar asusun don wasu buƙatu, zuwa 1937 kuma aka raba harajin da hanya gaba ɗaya, ya koma shiga babban baitulmali. Mu a nan, wanda aka riga aka raba ɗin muka gada. Lasisin mota a Nijeriya kuɗin shiga ne na jiha, yana faɗawa asusun jihar da aka yi wa motar takarda, a cakuɗa shi da sauran kuɗaɗe. Ba ruwansa da nisan da motar ta yi. Motar malamin makaranta da ke fita ranar Juma'a kawai, da takwararta ta haya da ke kai da kawowa kullum, tazarar abin da suke biya ba ta kusanci tazarar amfanin da suke yi da titi ba. Tirelar da aka yi wa takardu a Ikko ko Kano za ta iya ratsa Birnin Gwari sau hamsin a shekara, sisin lasisinta bai taɓa kwaltar da take taka ba. Ko da a Kaduna aka yi mata takardun ma, hanyar ta tarayya ce, kuɗin na jiha.

Shekarun arzikin man fetur sun rufe wannan giɓi na ɗan lokaci, domin rijiyoyin mai ne suka shimfiɗa manyan titunan ƙasar, kuma mutane suka saba da ganin hanya a matsayin kyautar gwamnati. Tun daga lokacin, duk yunƙurin sake haɗa kuɗi da hanya ƙarewa yake a rabin tafiya. An fara karɓar kuɗin wucewa a babbar hanyar Ikko zuwa Badun da aka buɗe a 1978, shingayen suka bazu zuwa sauran manyan hanyoyin tarayya. A watan Oktoba na 1994 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ɗaga farashin litar fetur daga naira 3 da kwabo 25 zuwa naira 11, ta kafa asusun rarar mai na PTF ƙarƙashin Janar Muhammadu Buhari. Ko me za a ce game da yadda aka gudanar da shi, wannan ne lokacin da direba ya fi ganin alaƙa tsakanin abin da ya ƙara biya a gidan mai da kwaltar da aka zuba, har da allon da ke faɗa masa da kuɗin wa aka yi. Aka rushe asusun a 1999. A ƙarshen 2003 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ba da umarnin rushe shingayen karɓar kuɗi na tarayya, bisa hujjar cewa abin da ke isa baitulmali bai taka kara ya karya ba, sata kuma ta yi yawa. Niyyarsa ita ce ya maye gurbinsu da harajin naira 1 da kwabo 50 a kan kowace lita. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC, a ƙarƙashin Adams Oshiomhole, ta yi tsaye a kai, aka kai ga kotu, aka dakatar da harajin a farkon 2004. Shingaye sun tafi, magajinsu bai zo ba.

Hukumar gyaran hanyoyin tarayya, FERMA, wadda aka kafa da dokar 2002, ta tashi ba ta da tabbataccen abin dogaro sai kason kasafin kuɗi. A 2007 aka gyara dokarta aka tanadi kashi 5 cikin ɗari na farashin fetur da dizal don gyaran hanyoyi, kashi 40 na abin da aka tara ya tafi ga FERMA, kashi 60 ga hukumomin gyaran hanyoyi na jihohi. Dokar ta zauna a littafi shekara da shekaru ba a aiwatar da ita ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: gwamnatin da ke biyan tallafi don ta rage farashin lita ba ta da bakin ɗora wa litar haraji. A 2017 kwamitin ayyuka na Majalisar Dattawa, ƙarƙashin Sanata Kabiru Gaya, ya kawo shawarar asusun hanyoyi na ƙasa da harajin naira 5 a kan lita, shi ma bai zama doka ba.

A tsawon waɗannan shekaru direba bai huta da biya ba. Dokar haraji ta 1998, wadda ta rarraba wa matakan gwamnati uku abin da kowa zai karɓa, ta ba jihohi harajin hanya, ta ba ƙananan hukumomi kuɗin tasha, ta kuma haramta a fili kafa shinge a kan hanya don karɓar kowane irin haraji. Jihar Kaduna ta ƙara da tata dokar a 2016 da ta hana karɓar kuɗin shiga hannu da hannu. Amma mai ɗauko masara ko shanu daga Arewa zuwa Kudu ya san yawan sandunan da ake gitta masa da yawan takardun da ake tilasta masa saye, kowace ƙaramar hukuma da tata, ban da na goro da ake miƙawa ta taga. Garama ce ta dawo, irin wadda Shehu ya soka, wadda babu zango ko rijiya ko rakiya a bayanta.

Sai kuma daji ya fito da nasa masu karɓar. Gandun Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka ɗaga shi zuwa gandun ƙasa a 1999, yana manne da dajin Kuyambana na Zamfara, kuma ta nan ɓarayin shanu suka samu mafaka, har gwamnonin jihohin yankin suka haɗa kuɗi a 2015 don a fatattake su. Satar shanu ta rikiɗe ta zama satar mutane. A watan Maris na 2018 aka kashe sojoji 11 a Kamfanin Doka, a watan Mayu aka yi kisan Gwaska, kuma a cikin watan ne rahotanni suka ce an sace matafiya kusan ɗari a hanyoyin Birnin Gwari cikin 'yan kwanaki. Daga nan tafiya ta koma irin ta fatake sak: motoci su taru su yi ayari, su jira rakiyar jami'an tsaro, wanda ya makara ya kwana. Masu hali suka koma zagaye mai nisa, tireloli da yawa suka kauce wa hanyar, masu abinci da masu faci da masu sayar da itace a bakin titi suka rasa abin yi, kamar dai yadda zango kan mutu idan madugu ya sauya hanya. Manoma a ƙauyuka da dama sai da suka biya 'yan bindiga kafin su yi shuka, suka sake biya kafin su girbe. Ranar 7 ga Maris 2024 aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga, garin da ke kan wannan hanya.

Akwai wani abu da direbobin hanyar suka daɗe suna faɗa wanda masu tsara haraji ba su cika saurara ba: inda titi ya fi lalacewa, nan aka fi tare mutane. Mota mai gudu wuyar tarewa gare ta, wadda ta rage gudu tana lallaɓa rami kuwa ta kawo kanta. Ke nan ramin da aka bari saboda babu kuɗin cike shi yana da hannu a kuɗin fansar da aka biya a gefensa. A hanyar Birnin Gwari, gyaran titi da tsaron rai abu ɗaya ne, kuma iyalin da suka haɗa miliyoyi suka karɓo ɗansu sun biya harajin hanya mafi tsada da aka taɓa ɗora wa talaka a ƙasar nan.

To wa ke haƙa ramin? Injiniyoyi sun daɗe da amsa wannan. A gwajin da aka yi a jihar Ilinoyi ta Amurka daga 1958 zuwa 1960, inda aka yi ta zagaya motoci masu nauyi dabam-dabam a kan titi ana auna lalacewarsa, an gano cewa ɓarnar ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyi, tsalle take yi. Idan aka ninka nauyin da ke kan aksul ɗaya, wato sandar ƙarfen da ke riƙe da tayoyi, ɓarnar kan ninku kusan sau 16. A wannan lissafi, aksul mai ɗauke da tan 10 yana cin titi kamar sau dubu goma na mai ɗauke da tan ɗaya. Ƙa'idar ƙasashen ECOWAS ta tsayar da tan 11 da rabi a kan aksul guda mai jan mota. Wanda ya yi lodin da ya kai tan 16 a kansa ya kusa ninka ɓarnarsa sau huɗu. Wannan na nufin ƙananan motoci da babura kusan ba su da laifi a mutuwar kwalta. Tankokin mai ne da tirelolin siminti da na hatsi, musamman masu lodin wuce kima, tare da ruwan damina da ke shiga tsagar da suka buɗe. Tun da jirgin ƙasa ya durƙushe, kayan da ya kamata su bi dogo duk sun hau titi. Uban dawakin ayari, da ya bambanta kuɗin jaki da na takarkari, ya fi takardar lasisinmu fahimtar wannan.

Gyare-gyaren 'yan shekarun nan sun zo ta ƙofa uku. A watan Janairu na 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a umarnin da ya ba manyan kamfanoni damar gina hanya a cire musu kuɗin daga harajinsu, kuma cikin hanyoyi 19 na farko da aka lissafa har da babbar hanyar Birnin Gwari da ta Birnin Gwari zuwa Ɗansadau. Dabarar na iya samar da sabon titi, amma ba ta ce komai game da wanda zai cike raminsa bayan shekara biyar ba, kuma kuɗin na dukan 'yan ƙasa ne, har da wanda bai mallaki ko keke ba. Ƙofa ta biyu ita ce dawo da shingaye. Manufar da Majalisar Zartarwa ta amince da ita a watan Agusta na 2021 ta taƙaita karɓar kuɗi ga tagwayen hanyoyi, aka kuma fara aiwatarwa a hanyar Abuja zuwa Makurɗi ta Akwanga da Lafiya a watan Fabrairu na 2025, ƙaramar mota naira 500, manyan motoci naira 1,600. A nan akwai matsala biyu. Babbar motar da ke ɓarnar dubban ƙananan motoci tana biyan abin da bai kai kuɗin huɗu daga cikinsu ba. Sannan ɗan kasuwar da za a ba hanya ya karɓi kuɗi zai zaɓi wadda ta riga ta yi kyau ta cika da motoci. Hanya mai falle ɗaya da ta ratsa daji, wadda tsoro ya kore wa motoci, ba mai neman ta. Mai ita ake ƙara wa, maras ita a bar shi da raminsa.

Ƙofa ta uku ita ce harajin mai. Bayan cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, hujjar da ta danne dokar 2007 ta kau, kuma sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025 ta sake tanadar kashi 5 ɗin nan, ta bar wa ministan kuɗi ya ayyana ranar farawa. Da aka yi ca a kai, gwamnati ta ce ba ta da shirin fara karɓa nan kusa. Harajin mai yana da kyawunsa: ana karɓar sa a wuri kaɗan, babu mai tare kowa a hanya, kuma wanda ya fi tafiya ya fi biya. Amma a ƙasar da wutar lantarki ba ta wadata ba, ba mota kaɗai ke shan mai ba. Mai injin niƙa a Dogon Dawa, mai injin ban ruwa a fadama, mai janareto a shagon aski, duk za su biya kuɗin titin da ba su taka ba, kamar kakanninsu da suka yi aikin tilas. Kuma dokar ta keɓe iskar gas ta CNG daga harajin, alhali a 2025 ɗin kamfanin Dangote ya ba da sanarwar sayo manyan motoci 4,000 masu amfani da ita don rarraba mai. Idan manyan motoci suka koma gas, waɗanda suka fi cin titi su ne za su fita daga harajin, a bar ɗan acaɓa yana biya.

A ganina, tarihin nan ya riga ya nuna inda gyaran ya kamata ya dosa. Kaso mafi tsoka ya hau kan manyan motoci, a lissafa shi da nauyi da nisa, kamar yadda Jamus ke yi wa tireloli tun 2005 ta na'urar da ke ƙirga tafiyarsu. Mu ba sai mun jira irin wannan na'ura ba, domin manyan kaya wuraren lodinsu sanannu ne: tashoshin jiragen ruwa, matatun mai da defo-defo, masana'antun siminti da taki, manyan kasuwannin hatsi da na shanu. A can za a ɗora mota a sikeli, a rubuta inda za ta, a biya ta banki kafin ta tashi. Wannan ya fi dacewa da daji irin namu, inda duk abin da zai sa mota ta tsaya a tsakiyar hanya haɗari ne. Lasisin ƙananan motoci kuma a bar shi ya zama kuɗin rajista mai sauƙi, a daina yi masa kallon kuɗin hanya. Abin da aka tara ya shiga asusun da doka ta killace, wanda direbobi da masu motocin haya da 'yan kasuwa ke da kujeru a hukumarsa, a riƙa raba shi bisa nauyin da kowace hanya ta ɗauka, a kuma buga lissafin kowace hanya duk shekara. Labarin Churchill ya isa gargaɗi cewa killacewar doka kaɗai ba ta hana hannu shiga. Abin da zai hana shi ne idon masu biya, wanda shi ne ɗan abin da ya rage na makamin madugu.

Za a iya cewa kuɗin tirela a kan mai sayen masara da siminti zai ƙare. Haka ne, amma yanzu ma a kansa yake ƙarewa, ta tayoyin da suka fashe, da kwanakin da kaya ke yi a hanya, da takardun ƙananan hukumomi, da na goro, ba tare da an cike rami ko ɗaya ba. Sharaɗin karɓar sabon kuɗin dole ya zama kawar da waɗancan, in ba haka ba an ƙara wa jaki kaya ne kawai. Batun tsaro kuwa, ban yarda a yanka wa matafiyi kuɗin rakiya dabam ba, domin sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999 ya riga ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Abin da nake ganin ya dace shi ne a rubuta a dokar cewa hanyar da hukuma ta kasa tsarewa, har sai an yi ayari kafin a bi ta, ba a lissafa nisanta a cikin abin da direba zai biya, amma kasonta na gyara ba ya tsayawa. Ta haka rashin tsaro zai zama asarar da baitulmali ke ji a jikinsa kowane wata.

A ƙarshen watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari bayan sulhun da aka ƙulla da wasu shugabannin 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar kara da ta daɗe a rufe. Mutane sun rabu a kan sulhun, wasu na ganin an saka wa masu laifi ne, wasu na cewa wanda bai kwana a daji ba ba zai san daɗin bin hanya ba rakiya ba. Abin da ba a gardama a kansa shi ne motoci sun dawo, har da masu ɗaukar shanu da hatsi, kuma kowace daga cikinsu na taka kwaltar da ta riga ta gaji. Daga Buruku har Tegina, kuɗin gyaranta har yanzu yana jiran abin da kasafin shekara ya yaga mata a Abuja, ko kamfanin da ya ga dama ya musanya harajinsa da ita.